Buhu Arba'in

Buhu arba'in na albasa na sayar
shekarar da Sahabi ya tafi Turkiyya.
A bakin rumbu aka ƙirga su, nan Aliero,
dillali na danna su da babban yatsa,
yana neman ruɓa don ya rage mini.

Ni Santambul kaɗai na sani,
ita ma daga bakin kakana,
wanda ya ce can Halifa ke zaune, ruwa dama, ruwa hagu.
Sahabi ya yi dariya a waya:
"Baba, shekara ɗari ke nan da tashin wannan fada,
yanzu tikiti ake yanka a shiga kallo."

Ba can ma aka kai shi ba.
Gaziyantef, in ji takarda,
garin masaƙu, daf da iyakar Sham,
inda waɗanda yaƙi ya koro ke gasa gurasa a lungu.
Karatun gini ya je yi,
amma shekara guda cur harshensu kawai ya koya,
har in uwarsa ta yi masa faɗa
sai ya manta ya amsa da "tamam".

Kuɗinsu lira.
Na riƙe sunan kamar na ɗiyar maƙwabci.
Duk ƙarshen wata sai na tambayi Marafa mai canji a Jega.
Ya ce ta faɗi. Na ce madalla.
Ya ce kada ka yi murna, naira na bayanta.
Guragu biyu a hanya ɗaya,
wa zai goyi wani?
Yaron ya ce har albasa ta yi tsada can,
tsofaffi na juya ta a hannu su mayar.
Na dubi tawa tana tsiro a rumbu,
ban ce masa komai ba.

Ranar wata Litinin ina ban ruwa a fadama,
rediyo rataye a reshen darbejiya,
na ji an ce ƙasa ta girgiza kafin asuba.
Aka ce Marash, aka ce Hatay,
na uku shi ne sunan da ke cikin takarda.
Ruwa ya cika kwamin, ya karya, ya shiga na Ɗan'ige,
ina tsaye da fartanya.

Kwana biyu waya a kashe.
Kulu ba ta ɗora tukunya ba,
ni kuwa na yi ta gyaran injin da lafiyarsa lau.

Ran Laraba murya ta zo, a dishe.
Yana filin makaranta cikin bargon wani,
ƙanƙara na sauka.
Nermin, tsohuwar da ke ba shi shayi
a ɗan kofin gilashi mai tsukakken ƙugu,
ta je ganin jikoki a Antakiya daren nan.
Ba a same ta ba.

Ya ce, "Baba, na murza ginshiƙi da hannuna,
yashi ya zubo kamar garin tuwo.
Benen da ke gefensa ko tsagewa bai yi ba."

Bara ya dawo da takardarsa.
Aiki bai samu ba tukuna.
Shago nake ginawa a bakin titi, ɗaki biyu,
kullum sai sun yi ta da Ɗanbaba magini
a kan rodi huɗu ko shida.
Na ce, "Sahabi, ƙasarmu ba ta motsi."
Ya ce, "Sa shida."
Buhu uku ke nan aka ƙara mini.

Da yamma yana dafa shayi, ja wur, ba madara,
ya zuba mini a ɗan kofin nan da ya zo da shi
naɗe cikin safa.
Ba shi da mariƙi, yana ƙona yatsa.
Ya nuna mini: ta baki ake kamawa.
Har yau ban iya ba.